Takara huɗu ta Malam: shaidar waɗanda suka riƙe masa takardu

Ba za mu ambaci sunansa ba, domin yana raye, abokan karawarsa ma suna raye, ɗaya daga cikinsu har ya zama surukinsa. Malam kowa yake ce masa tun yana riƙe da alli, kuma sunan bai bar shi ba ko bayan da aka fara kiransa Onarabul. Mu ne muka riƙe masa fayil, da lissafin mazaɓu, da jerin sunayen wakilan akwati a takara huɗu: uku ta majalisar dokokin jiha, ɗaya ta majalisar wakilai ta tarayya. Ya ci biyu, ya faɗi biyu. Masu ba da labarin siyasa sun fi son zancen gangami da waƙa da jerin gwanon motoci. Abin da muka shaida shi ne, duka huɗun a kan takarda aka yanke su, wata tun kafin a buga fosta.

An haife shi a wani ƙauye na Arewa maso Yamma, gidan noma da ɗan fataucin hatsi. Ya yi makarantar allo, kuma ba don shirin ilimi kyauta na UPE da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe a watan Satumba na 1976 ba, da wuya ya ga ƙofar aji, don sai da dagaci ya bi gida-gida yana karɓar yara. Daga firamare ya wuce kwalejin horon malamai ya fito da Gired Tu, ya fara koyarwa, daga baya ya yi NCE ta karatun ƙarshen mako na cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna. Ya kai hedimasta. Amma abin da ya fito da shi a idon jama'a shi ne sakatarancin ƙungiyar ci gaban gari. Shi ke rubuta takardar neman taransifoma, shi ke riƙe littafin karo-karon gyaran rijiyar burtsatse, shi ke rubuta sunaye idan taki ya zo. Mutumin da ya daɗe yana wannan aiki ya san wa ya haifi wa, wane gida ba ya ga maciji da wane, wace unguwa ce ba ta sallar Juma'a a masallacin wace. Jarinsa ke nan. Kuɗi kuwa, ban da albashi da 'yar gona, babu.

Farkon aikin da aka yi masa, tun kafin maganar fom, gyaran suna ne, kuma duk mai son tsayawa ya fara da nan. Tsarin mulkin 1999 bai nemi wani dogon ilimi ba: ɗan ƙasa, mai ilimi daidai matakin kammala sakandare ko makamancinsa, ɗan jam'iyya wanda jam'iyyar ta tsayar. Shekaru kuwa a lokacin 30 ne ga majalisar jiha da ta wakilai, kafin gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018 ya mayar da su 25, ya bar Sanata a 35. Matsalar 'yan zamanin Malam ita ce, a firamare an rubuta shi da sunan garinsu, a kwaleji da sunan mahaifinsa, a takardar NCE kuma an haɗa ukun. Ranar haihuwa ma ta takardar rantsuwa daban, ta fayil ɗin aiki daban. A ƙauye wannan ba komai ba ne, kowa ya san mutum ɗaya ne. A gaban alƙali kuwa mutum uku ne sai ka tabbatar da akasin haka. An yi rantsuwa a babbar kotu, an buga sanarwa a jarida, an tsayar da suna ɗaya da rana ɗaya, kuma duk fom ɗin da ya cika daga baya da su ya cika. Wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne ya tuna Bayelsa: ranar 13 ga Fabrairu, 2020, ana gobe rantsuwa, Kotun Ƙoli ta karɓe kujerar gwamna daga David Lyon saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa. Shawarar da lauya ya ba Malam ita ce ya miƙa mafi ƙarancin takardun da doka ta nema, domin kowace takarda ka ƙara, ka ƙara wa abokin hamayya wurin tono.

Sai batun aiki. Tsarin mulki ya ce ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Malam bai jira wannan ba, ya ajiye tun kafin zaɓen fidda gwani, don ya nuna da gaske yake. Wannan gaggawa ta ci shi, domin a takarar farko, ta 2011, ko takardar ƙuri'a bai kai ba.

Yadda abin ya faru shi ne, jam'iyyar da yake ciki ta yi zaɓen fidda gwani ta hanyar daliget. Malam ya zagaya kowace mazaɓa, ya yi gaisuwar mutuwa, ya zauna da limamai da masu unguwanni, kuma ko'ina aka karɓe shi hannu biyu. Sai dai waɗannan ba su ne masu jefa ƙuri'a ranar ba. Masu jefawa shugabannin jam'iyya ne na mazaɓu da na ƙaramar hukuma da waɗanda aka zaɓa daliget, kuma an kafa su tun lokacin taron zaɓen shugabannin mazaɓu, watanni kafin Malam ya yanki fom. Wanda ya saya musu fom ɗin shugabancin mazaɓa, ya biya hayar ofis, ya ɗauki nauyin shayin taro, shi ne mai su. Malam yana da littafi da yake rubuta duk daliget ɗin da ya yi masa alkawari, har lissafi ya nuna masa rinjaye. Abin da littafin bai nuna ba shi ne, mutum ɗaya yana iya yi wa 'yan takara uku alkawari a rana ɗaya, kuma kunya ce take sa shi, ba mugunta ba: ka zo har gida ka durƙusa, ba zai ce maka a'a ba. Ana gobe zaɓe aka kwashe yawancinsu a motoci zuwa wani masauki a babban birnin jiha, aka karɓe wayoyinsu, ba a dawo da su ba sai ƙofar filin zaɓe. Malam ya zo na uku. Ya koma gida ba kujera ba albashi, ya shekara yana sayar da taki da iri a ranakun kasuwa.

Abin da ya yi tsakanin 2011 da 2014 shi ne ainihin takararsa ta biyu. Bai buga fosta ko ɗaya ba. Bayan jam'iyyun adawa sun dunƙule a 2013, da aka buɗe rajistar 'yan jam'iyya, shi ya ɗauki nauyin hoton fasfo na duk wanda ba shi da halin yi, ya tura tsofaffin ɗalibansa suka zauna a teburan rajista. Da aka zo zaɓen shugabannin mazaɓu, bai nemi ciyaman a ko'ina ba, don kujerar ciyaman ita kowa ke faɗa a kai. Ya nemi sakatare, da shugabar mata, da shugaban matasa, da ƙananan muƙaman da ba wanda ke kula da su, alhali ranar fidda gwani ƙuri'ar ma'aji da ta ciyaman nauyinsu ɗaya. Sannan akwai tsohuwar yarjejeniyar karɓa-karɓa tsakanin gundumomi biyu na ƙaramar hukumar, wadda ba a rubuce take ba amma dattawa suna riƙe da ita: idan ciyaman ya fito daga wannan ɓangare, ɗan majalisa ya fito daga wancan. A wannan karon juyin ɓangarensu ne. Ya sami tikiti ba da wata wahala ba.

Babban zaɓen 2015 kuwa, gaskiya ɗaya ce, guguwa ce ta yi rabin aikin. An ɗage zaɓen daga Fabrairu, aka yi na shugaban ƙasa da majalisun tarayya ranar 28 ga Maris, na gwamna da majalisar jiha ranar 11 ga Afrilu. Kafin ranar tasa ta zo an riga an san Janar Buhari ya ci, kuma kalmar da ke bakin kowa ita ce “sak”. Takardar ƙuri'a a Najeriya ba ta ɗauke da suna ko hoton ɗan takara, alamar jam'iyya ce kawai, saboda haka wanda ya dangwala wa gwamna sai ya sake dangwala wa alamar a takarda ta biyu ya wuce. Mutane da dama sun shiga majalisa a shekarar waɗanda ko maƙwabtansu ba su san suna takara ba. Malam ba ya cikinsu, amma shi ma bai taɓa cewa ƙarfinsa ne kaɗai ba.

Zaman majalisar ba za mu daɗe a kansa ba. Majalisar jiha tana da kujeru tsakanin 24 da 40 gwargwadon jiha, Kano 40, Zamfara 24, kuma doka ta ce ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Aikinta doka, da kasafin kuɗi, da sa ido a kan ma'aikatu. Malam ya gabatar da ƙudirori kan gyaran ajujuwa da hanyar kasuwarsu, wasu suka shiga kasafi, kaɗan aka saki kuɗinsu, domin sakin kuɗi a hannun gwamna yake. Mutanen gida ba wannan suke aunawa ba. Ƙofar gidansa daga asuba takardun asibiti ne, da kuɗin jarrabawa, da ragon suna, da neman aiki. Abin da ya yi dabara a kai shi ne, ya daina ba da kuɗi a hannu a abin da za a iya biya kai tsaye: magani a biya kanti, jarrabawa a biya makaranta, a rubuta sunan wanda aka yi wa da mazaɓarsa. Wasu sun ce maƙo ne. Littafin nan shi ya nuna daga baya cewa mazaɓu uku na nesa kusan ba sa samun komai, don kuɗin motar zuwa gidansa ya fi abin da za su roƙa, sai aka riƙa kai musu can.

Takarar 2019 ita muka fi so mai neman sani ya duba, don babu guguwar da za ta ɗauki kowa, kuma abokin karawarsa ɗan kasuwa ne mai hannu sake. Ga kuma ɗagewar da aka sanar da tsakar daren 16 ga Fabrairu, wadda ta tura zaɓen majalisar jiha daga 2 zuwa 9 ga Maris. Duk ɗan takarar da ya riga ya raba kuɗin mota da na abinci sai da ya sake nemo wasu. A nan tsarin wakilan akwati ya yi aiki, kuma ga yadda aka kafa shi.

Kowace rumfa an ba ta mutum biyu: wakili mai ɗauke da katin shaida na hukumar zaɓe, da mai tara jama'a wanda ke waje. Sharaɗin wakili uku ne. Ya zama a rumfar yake da rajista, don ya san fuskar kowa kuma ba zai tafi wani wuri jefa tasa ƙuri'ar ba. Ya iya karatu da rubutun lambobi. Kuma kada ya zama wanda abokin hamayya ke bin sa bashi ko yake ci a gidansa. An haɗa su kwana biyu ana gwaji da kwafen fom ɗin sakamakon rumfa, EC8A, har kowa ya iya duba abu huɗu: yawan waɗanda aka tantance, yawan takardun da aka bayar, waɗanda suka lalace, da abin da kowace jam'iyya ta samu a lamba da kuma a kalmomi. Idan an tara ƙuri'u masu kyau da waɗanda aka ƙi, dole su yi daidai da takardun da aka yi amfani da su. An hana su sa hannu a fom ɗin da ba a cika ba, domin tsohuwar dabara ce a ce wa wakilai da rana tsaka su sa hannu tun yanzu don a rage aiki da yamma. An kuma faɗa musu cewa ƙin sa hannu ba ya soke sakamako, saboda haka fushi a tafi gida ba ya amfanar kowa: ka tsaya, ka karɓi kwafenka mai hatimi da sa hannun malamin zaɓe, ka bi akwatin da ƙafarka ko a kan babur har cibiyar tattarawa ta mazaɓa, inda ake kwafe lambobin zuwa fom ɗin sakamakon mazaɓa, EC8B. A tsakanin waɗannan fom biyu ne 17 kan zama 71. Abincin wakili kuwa kai masa ake yi har rumfa, kuma rabin haƙƙinsa sai ya kawo kwafe yake karɓa.

Akwai aikin da aka yi a cikin gidaje wanda bai kai wannan suna ba amma ya kai shi amfani. A shekarar jam'iyyu masu rajista 91 ne, takardar ƙuri'a ta yi tsawo, akwatunan dangwale sun matse. Tawada tana tsallakawa layin wata jam'iyya, ko a naɗe takarda tawadar ba ta bushe ba ta shafi wani wuri, sai a ƙi ƙuri'ar. Mata ne suka fi fitowa a mazaɓun karkara, kuma namiji ba ya shiga ya koya musu. Shugabar mata ta kowace mazaɓa ta ɗauki samfurin takarda da kushin tawada ta bi gidajen biki da makarantun Islamiyya na matan aure, ana gwadawa: yatsa ɗaya, tawada kaɗan, a ɗan dakata, a naɗe a tsaye. Aka kuma ce kowa ya juya takardarsa ya ga hatimi da sa hannu a baya kafin ya shiga dangwale. Malam ya ci da tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Da aka zo cibiyar ƙaramar hukuma aka ga lissafin wata mazaɓa ya saɓa, wakilinsa ya zaro kwafen rumfunan mazaɓar duka ya shimfiɗa a kan tebur, aka sake tarawa a gaban kowa, magana ta mutu a nan.

Bayan zango biyu dattawa suka ce ya bar wa ɗaya gundumar, ya haura majalisar wakilai. A nan ƙasa ta canja a ƙarƙashin ƙafarsa. Kujerun majalisar wakilai 360 ne a kan ƙananan hukumomi 774, saboda haka yawancin mazaɓun tarayya sun haɗa ƙananan hukumomi biyu ko uku. Tasa biyu ce, kuma ɗayar ta fi tasa yawan masu rajista. Can babu wanda ya koyar, babu wanda ya rubuta wa takardar taki.

Zaɓen fidda gwani na watan Mayun 2022 bai ba shi wahala yadda aka zata ba. Fom ya yi tsada: a shekarar APC ta sa na majalisar wakilai naira miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2, PDP kuma miliyan 2.5 da dubu 600. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, ta zo da abin da ya ba kowa mamaki: daliget ɗin da aka zaɓa domin wannan aiki su kaɗai za su jefa ƙuri'a, shugabannin jam'iyya da masu riƙe da muƙamai ba su da ƙuri'a don muƙaminsu. Majalisa ta yi gyara da gaggawa amma ba a sa hannu ba har aka gama. APC ta yi amfani da mutum biyar a kowace mazaɓa, PDP uku, ka ga mazaɓar tarayya mai mazaɓu 22 mutum 110 ko 66 ne za su yanke mata hukunci. Manya suka ce a yi maslaha. Dokar ta ce maslaha ba ta tabbata sai kowane ɗan takarar da aka tantance ya rubuta amincewarsa da hannunsa, in mutum ɗaya ya ƙi sai a koma ƙuri'a. Lauyan Malam ya tsaya sai da aka karɓi takardar janyewar kowa, aka yi taron tabbatarwa a gaban jami'an hukumar zaɓe, aka karɓi kwafen rahotonsu. Ba wanda ya manta Zamfara, inda ranar 24 ga Mayu, 2019 Kotun Ƙoli ta rushe duk kujerun da APC ta ci saboda rashin sahihin zaɓen fidda gwani. Ƙarar da ta shafi kafin zaɓe kwana 14 kacal ake da shi a shigar da ita, kuma sun wuce ba wanda ya motsa.

Sai dai sa hannu daban, zuciya daban. Wanda ya janye masa ɗan ɗaya ƙaramar hukumar ne, kuma mutanensa sun ɗauka an yi musu ƙwace. Don ya lallashe su, Malam ya miƙa masa duk harkar yankin: shi zai kawo sunayen wakilai, ta hannunsa kuɗi zai bi. An ba shi shawara ya sa ko da mutum ɗaya nasa a kowace mazaɓa ya duba jerin, ya ce yin haka zargi ne, kuma ba a fara tafiya da zargi. A ganinmu a nan ya faɗi zaɓen, watanni kafin ranar.

Ga girman abin da ya sake. Tun 2021 rumfunan zaɓe a ƙasar suka tashi daga kusan dubu 120 zuwa 176,846, ka ga kowace ƙaramar hukuma a matsakaici ta haura rumfa 200. Mazaɓa mai rumfa 450, mutum biyu-biyu, ko dubu biyar-biyar ka ba su naira miliyan 4.5 ke nan a yini ɗaya, ban da mota da abinci da masu kula da mazaɓu. Dokar 2022 ta ƙayyade kashe kuɗin ɗan takarar majalisar wakilai a miliyan 70, na majalisar jiha a miliyan 30, ta kuma tsawaita kamfe daga kwana 90 zuwa 150, aka buɗe shi ranar 28 ga Satumba, 2022. Wata biyar ana zuba mai a mota ana biyan 'yan rediyo, mai ƙaramin ƙarfi kafin Janairu ya huce. Sai ga canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a watan Fabrairu. Turawa ta waya tana maƙalewa, wakilin ƙauye da yawa ba shi da asusu. Masu hali suka koma taliya da atamfa da sabulu, waɗanda suka saya suka jibge tun kafin kuɗi ya ɓace. Malam ba shi da rumbun da zai yi wannan, kuma ko yana da shi, sayen ƙuri'a laifi ne a doka.

Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, takarda uku aka ba kowane mai zaɓe, da akwati uku: mai jan murfi na shugaban ƙasa, baƙi na Sanata, kore na majalisar wakilai. “Sak” ta mutu a shekarar, kowa “cancanta” yake faɗa, wasu suna ce mata shinkafa da wake: a ba wannan jam'iyya sama, a ba waccan ƙasa. A ƙaramar hukumarsa ya ci da rata mai kyau, kuma kafin sha biyun dare kwafen kusan kowace rumfa yana hannu. An bi gida-gida tun da wuri an sanar da waɗanda aka mayar sababbin rumfuna inda sunansu ya koma, shi ya sa ba su yi ta yawo da kati a hannu ba. A ɗaya yankin kuwa, sunayen da aka ɗora wa hukumar zaɓe a matsayin wakilai, waɗanda doka ta ce a miƙa aƙalla kwana 14 kafin zaɓe, da yawansu ba a rumfar suke da rajista ba, wasu ɗalibai ne da ke makaranta a wata jiha, wasu kuma an gan su da rana suna tara wa abokin hamayya jama'a. Kwafen da ya dawo daga can bai kai rabi ba.

Ya tafi kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, kuma a nan ne rashin wakilan ya sake cin sa karo na biyu. Kwana 21 ake da shi daga ranar da aka bayyana sakamako, kuma a cikinsu dole ka haɗa ƙarar da jerin shaidu, da rubutacciyar rantsuwar kowane shaida, da jerin takardun da za ka dogara da su. Dole ka nemi kwafen da hukumar zaɓe ta tabbatar na EC8A da rajistar masu zaɓe da rahoton na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS. Hujjarsa mafi ƙarfi aringizo ce, domin dokar 2022 ta ce idan ƙuri'un da aka jefa a rumfa suka fi yawan waɗanda aka tantance, a soke rumfar, saɓanin tsohuwar doka da ke aunawa da yawan masu rajista. Lauyoyinsa sun nuna haka a wasu rumfuna. Amma kotu rumfa-rumfa take son a tabbatar mata, ta bakin wanda ya tsaya a wurin. Mai kula da mazaɓa da ya ce an faɗa masa, jita-jita ce a wurin alƙali. Zargin dangwale da sayen ƙuri'a kuwa laifi ne, sai an tabbatar da shi ba tare da wani kokwanto ba. Kuma ko ka tabbatar, sai ka nuna cewa abin da za a cire ya isa ya juya sakamako. Rumfunan da ya iya kawo wa shaida, da aka cire ƙuri'unsu daga kowane ɓangare, tazarar ta ragu amma ba ta ƙare ba. Alƙalan uku suka kori ƙarar a cikin kwana 180 da tsarin mulki ya ba su. Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ke da kwana 60 kuma ita ce ta ƙarshe a shari'ar kujerun majalisa, ta tabbatar da hukuncin.

Shari'ar ta ci fili ɗaya da motar da ya fito da ita daga majalisa. Ya koma noman rani da kula da wata makarantar al'umma da ya taimaka aka kafa, kuma ya gama biyan masu buga fosta da mai gidan man da ya riƙa ba shi bashi. Shugabannin mazaɓu sun fara zuwa suna cewa ya sake fitowa. Amsar da yake ba su ita ce, ba zai yanki fom ba sai an kawo masa sunan mutum ɗaya a kowace rumfa, da lambar katin zaɓensa da ke nuna a nan yake da rajista, kuma sai ya zauna da kowannensu ido da ido. Na ƙaramar hukumarsa ya cika tuntuni. Na ɗaya yankin ana kan tattarawa, mazaɓa bayan mazaɓa, ta hannun wasu malaman firamare da ya sani tun zamanin NTI.